Maigida da Cikin Iyalinsa: Tambayoyin da Maza Ke Yi Mini a Gadarif

Na daɗe ina aikin mataimakin likita a ƙananan asibitocin ƙauye na jihar Gadarif da ke gabashin Sudan, kuma da wuya namiji ya zauna gabana a wurin aiki ya tambaye ni kan cikin matarsa. Sai an idar da sallar isha'i, ko a benci wajen mai shayi, mutum zai matso ya rage murya ya ce, "Malam, wani abokina ne iyalinsa ba ta jin daɗi." Nakan gane shi ne, kuma ba na ganin laifinsa, haka aka rene mu. Tambayoyin da suka fi maimaituwa na tattara a nan, da amsar da nake bayarwa in mun keɓe.

Ciki da haihuwa ba sha'anin mata ba ne? Me ya kai namiji?

Karɓar haihuwa aikin daya ce, wato ungozoma, ban ce ka karɓe mata ba. Amma abu uku suna hannunka a yawancin gidajenmu: izinin fita, kuɗi, da abin hawa. Masana lafiyar mata sun daɗe da lura cewa jinkiri uku ke kashe mai ciki: jinkirin yanke shawarar a tafi asibiti, jinkirin hanya, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na farko da na biyu a cikin gida ake yin su.

Wata damina an kawo mini wata mata da asuba a kan angareb, an ɗaure gadon a tirelar tarakta. Tun bayan la'asar jini ya ɓalle mata, cikinta wata takwas. Mijin yana gonar riɗi, waya ba ta shiga. Uwar mijin ta ce ba za a fitar da matar ɗanta ba da saninsa ba, sai aka tura yaro a jaki. Kafin yaro ya je, miji ya dawo, a samu mai tarakta, dare ya ƙare. Taub ɗin, wato mayafin da aka lulluɓe ta da shi, ya jiƙe har ya manne da igiyar gadon. Mun saka mata ruwa muka tura ta babban asibiti. Ita ta rayu, ɗan bai zo da rai ba. Mijin ya tsuguna a bakin ƙofa yana ta maimaitawa, "Wallahi da sun tafi da ita ba zan ce komai ba." Na yarda da shi. Sai dai bai taɓa faɗa musu haka ba kafin ya tafi gona.

Don haka abu na farko da nake roƙon kowane magidanci ba ya cin ko sisi. Ka tara matarka da mahaifiyarka da duk babban da ke gidan, ka faɗa da bakinka: "Ko ina nan ko ba na nan, in ta ga abin da bai yi mata ba, a tafi da ita. Na ba da izini tun yanzu."

Ina jin nauyi. A ce an gan ni ina bin mace asibiti?

Kunya ado ce, kuma mun gaje ta. Kakanninmu da suka biyo hanyar hajji suka zauna a Maiwurno da Gadarif da Kassala da bakin kogin Rahad, da ita suka zo: ba a kiran sunan ɗan fari, ba a zancen cikin fari gaban manya. Ba na neman a zubar da wannan. Kana iya ƙin ambaton cikin gaban mahaifinka, ka kuma biya kuɗin awo a ɓoye. Abin da ban yarda da shi ba shi ne kunyar da ke sa mace ta kwana da ciwon kai mai tsanani mijinta bai sani ba.

Masu cewa "mijin ta ce" su tuna da Sayyidina Usmanu ɗan Affan. Bai halarci yaƙin Badar ba saboda matarsa Ruƙayya, 'yar Manzon Allah (SAW), tana kwance ba lafiya. Annabi ne ya bar shi wajen jinyarta, ya kuma ba shi ladan wanda ya halarta da rabonsa. Nana A'isha da aka tambaye ta abin da Annabi ke yi a gida, cewa ta yi yana cikin hidimar iyalinsa. A Suratu Luƙman aka siffanta ciki da rauni a kan rauni. A Suratuɗ Ɗalaƙ kuwa, ko matar da aka saka, in tana da ciki, an wajabta a ciyar da ita har ta sauke. To ina ga wadda ke ɗakinka?

Yaushe ake fara awo, kuma sau nawa?

Da zarar ta yi ɓatan wata ta tabbatar. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar ganawa takwas da ma'aikacin lafiya: ta farko a cikin mako 12 na farko, sannan a mako na 20, 26, 30, 34, 36, 38 da 40. Ka lura yadda suke matsowa kusa da juna a ƙarshe, saboda a lokacin ne hawan jini da matsalar kwanciyar ɗa suka fi bayyana. Ana so a yi hoton ciki sau ɗaya kafin mako na 24.

Na san halin da ake ciki. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, asibitoci da yawa sun tsaya, masu gudun hijira daga Khartum da Wad Madani sun cika garuruwan gabas, layi ya yi tsawo, magani ya yi tsada. In takwas ba ta samu ba, huɗu ta fi babu. Abin da nake gani kullum, mace ta zo awon farko da ciki wata bakwai don kawai ta karɓi kati, shi ne nake so mu daina.

In na raka ta, sai na shiga ɗakin awo?

Ba dole ba, wasu wuraren ma ba za a bar ka ba saboda sauran mata. Ka tsaya a waje, in ta fito ka karɓi katin ka nemi daya ta yi maka bayani. Tambayi abu huɗu: nawa ne awon jininta na hawa, nawa ne ƙarfin jininta, wane rukunin jini gare ta, kuma ina ya kamata ta haihu. Hawan jini in ya kai 140 bisa 90 abin bibiya ne. Ƙarfin jini in ya yi ƙasa da 11, tana da ƙarancin jini. In rukuninta mai alamar ragi ne, naka kuma mai alamar tarawa, akwai allurar da ake yi mata cikin awa 72 bayan haihuwa don kare cikin da zai biyo baya. Allura ce mai tsada kuma ba ko'ina ake samunta ba, gara ka sani tun da wuri.

Kai ma ka miƙa hannu a gwada ka. Sikila tana cikinmu Hausawa. In kai AS ne, wato kana ɗauke da gadon sikila ba tare da ciwon ba, ita ma AS ce, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da cutar.

Me zan riƙa sayo mata? Kuɗin nama kullum babu.

Ba sai nama kullum ba. Adas, ful, wake, gyaɗa, ƙwai, kifin kogi, lalo da nan ake kira mulukiya, zogale, riɗin da kai kake nomawa kana sayarwa gaba ɗaya, duk suna gina jini da jiki. Kisra ko asida da ruwan miyar kuɓewa tsurarta tana cika ciki ne kawai. Ɗan lemon tsami a kan ful, ko ruwan ƙwame na kuka da ake kira gongoles, yana taimaka wa jiki ya tsotsi sinadarin ƙarfe.

Shayi da jabana, wato gahawa, su ne matsalarmu a ƙasar nan. Ana sauke kwano ake ɗora buta, shayin kuma yana hana jiki amfana da ƙarfen da ke cikin abincin. Ta bar tazarar awa ɗaya ko biyu. Ƙwayar ƙarin jini da ake ba ta, mai ƙarfe da folik asid, kullum ake sha. Takan baƙanta bayan gida, takan ɗan tayar da zuciya, kuma ba ta sa ɗa ya yi girman da zai gagari haihuwa kamar yadda ake yaɗawa. In ka ga tana cin ƙasa ko tana tauna ƙanƙara, kada ka yi mata faɗa, sau da yawa alamar jini ya yi ƙasa ne.

Wani abu kuma da ba a saya a kasuwa: ka duba kwanonta. A gidaje da yawa mai ciki ce ke cin ƙarshe, bayan maigida da baƙi da yara. Ranar da ka tsaya wajen mai agashe, ka ƙunso nata daban ka ba ta a hannunta.

Zazzaɓi ne kawai, ba sai na sayo magani a kanti ba?

A'a. Zazzaɓin cizon sauro ga mai ciki yana shanye jini, yana jawo ɓari, haihuwar bakwaini, ko ɗa ya zo ƙarami. Ba kowane magani ne ya dace da kowane watan ciki ba, sai an gwada jini an rubuta. A yankinmu zazzaɓin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa yana iya zama kala'azar, cutar da cizon wani ƙaramin ƙuda ke yaɗawa. Gidan sauro kuwa, in ɗaya ne a gidan, nata ne.

Ruwan sha ma ka sa ido. Ciwon shawara da ake ɗauka ta gurɓataccen ruwa, mai sa ido ya yi rawaya, yana yi wa mata masu tsohon ciki mummunan kamu. A tafasa ruwanta ko a saka ƙwayar kulorin. Jarkar ruwa da itacen girki kuma a nema mata mai ɗauka, ko ka ɗauka.

Waɗanne alamu ne in na gani ba a jiran gari ya waye?

Jini, ko kaɗan ne. Ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi. Kumburin fuska da hannuwa. Jijjiga. Zazzaɓi mai zafi. Numfashi sama-sama. Faya ta fashe naƙuda ba ta zo ba. Ɗa ya rage motsi ko ya daina. Naƙuda ta wuce awa 12. Hannu ko cibiya ta riga kai fitowa.

Jijjiga nake so in tsaya a kanta, domin ita ake yawan cewa iska ce. Hawan jinin ciki ne ya kai ƙarshe, kuma akwai allurarsa a asibiti. In ta faɗi, a kwantar da ita a gefenta, kada a cusa mata cokali a baki, kada a ɗura mata ruwa ko rubutu, zai iya wucewa huhu. Ka yi mata addu'a da tofi a cikin mota ana tafiya.

Watan haihuwarta ya faɗo a damina. Yaya zan yi?

Duk wanda ya san ƙasar Gadarif ya san baƙar lakarta. Daga Yuni zuwa Oktoba ruwa ɗaya ya isa ya rufe hanya kwana biyu, boksi (motar a-kori-kura) ba ya shiga, karo (amalanken jaki) ba ya fita. Kuma lokacin ne maza ke gona, yankan riɗi ba ya jira, in ya bushe zubewa yake. Wato ranar da aka fi bukatar namiji a gida ita ce ranar da ya fi nisa.

In ƙauyenku irin wanda ke yankewa ne, ka kai ta gidan dangi a cikin gari tun cikin ya shiga wata tara, musamman in cikin fari ne, ko tagwaye, ko an taɓa yi mata aiki, ko ta haihu biyar zuwa sama. Al'adarmu ta goyon ciki ta riga ta buɗe wannan ƙofa, sai dai a duba gidan da za ta ya fi kusa da asibiti, ba ya fi nisa ba. In zama za ta yi, ka yi magana da mai tarakta ko mai raksha, wato keke mai ƙafa uku, tun yanzu, ka karɓi lambar mutum biyu. Ka ware kuɗi a hannunta, kuɗin takarda, ba a manhajar banki ta Bankak kaɗai ba, domin in intanet ta ɗauke kuɗin waya ba ya sayen fetur. Wasu unguwanni suna da sanduƙ, irin adashinmu, na masu haihuwa kawai. In babu a naku, ku fara bayan sallar Juma'a.

In an ce a kawo jini, ni zan ba ta?

Ka ba da jini a ajiye a ma'ajiya, amma likitoci sun fi son kada a saka wa mace jinin mijinta kai tsaye, saboda jikinta na iya ƙirƙirar abin da zai yaƙi jinin 'ya'yan da za ta ɗauka nan gaba. Aikinka shi ne ka tanadi mutum biyu ko uku masu lafiya, waɗanda suka san rukuninsu, suka kuma yi alkawarin ɗaga waya ko ƙarfe biyun dare. Leda ɗaya kusan mililita 450 ce, jiki yana mayar da ita, ba ta rage ƙarfin namiji. Zubar jini bayan haihuwa na iya kashe mace cikin awa biyu, ba lokacin fara neman dangi ba ne.

Likita ya ce sai an yi aiki. Ba son kuɗi ba ne?

Kana da haƙƙin ka tambayi dalili, ka kuma nemi a yi maka bayani da harshen da kake ji. In an ce ɗa ya kwanta a gicciye, ko mabiyiya ta tare hanya, ko ƙugu ya yi wa kan ɗa kaɗan, ko bugun zuciyarsa yana raguwa, ka sa hannu, ka daina kiran waya ana shawara da kawu da baffa. Doguwar naƙuda ce ke haddasa yoyon fitsari, kan ɗa ya danne mafitsara har naman ya mutu. Matan da na gani da wannan lalura, da yawansu miji ya bar su, alhali jiran sa hannunsa aka yi.

Mahaifiyata ta ce ita goma ta haifa a ɗaki. Ya zan saɓa mata?

Ba saɓawa za ka yi ba, jawo ta za ka yi. Kada ka bar matarka ta yi wannan gardama da surukarta, ba za ta iya ba, kuma bai kamata ba. Ka same ta ita kaɗai ka ce, "Inna, Allah Ya ba ki sauƙi a naki, amma kin san wance da wance da suka tafi wajen haihuwa. Ina so ke za ki raka ta, ke ce babba." Na ga tsofaffi da dama da suka zo awo ɗaya, suka ji bugun zuciyar jikansu a na'ura, daga ranar su ke tuna wa kowa ranar komawa. Haihuwa a hannun daya mai horo kuma ba baƙon abu ba ne a Sudan, tun 1921 aka buɗe makarantar horar da su a Omdurman. Abu ɗaya da ba a sassauci a kansa, ko wa ya kawo shawarar, shi ne yankan gishiri da jiƙe-jiƙen saurin naƙuda.

Ina Jidda ina aiki, ko ina wajen haƙar zinari. Me zan iya daga nesa?

Ka naɗa wakili da sunansa, kowa ya san shi ne mai cewa a tafi. Kuɗin ciki ka tura mata ita, daban da na cefane. Ranar awo ka kira ka ce ta karanta maka abin da aka rubuta a kati. In ka tambaye ta jiki ta ce "da sauƙi", ka sake tambaya, matanmu ba sa faɗa a karon farko.

Za ta iya azumi?

In tana jin tsoro ga kanta ko ga cikin, ta sha, ta rama bayan ta samu lafiya. A mashhurin zancen Malikiyya ramuwa ce kawai a kan mai ciki. Mai ƙarancin jini, ko ciwon sukari, ko yawan amai, a zafin Sudan, ta ji shawarar likita. Wasu kunyar miji ke sa su dagewa, don haka kai ka fara ce mata ta sha.

Kusantar iyali tana cutar da ciki?

Ba ta cutarwa in cikin lafiya yake kuma ita tana so. A dakata in akwai jini, ko faya ta fashe, ko likita ya hana.

An ce bayan haihuwa a mayar da ɗinki, wai don ni. Me zan ce?

Ka ce ba ka so, ka faɗa a fili kafin ranar. Kaciyar fir'auna, wadda ake ɗinke gaban mace, ba gadonmu ba ce, amma wasu gidaje sun ɗauka ta zama da auratayya. Matar da aka yi wa sai an buɗe ta kafin ta haihu, shi ya sa ya kamata ta haihu a hannun ƙwararru. Sake ɗinkewar da ake kira adal tana ƙara tabo a kan tabo, haihuwa ta gaba ta fi wuya. Da sunan miji ake yin ta, kuma yawanci ba a tambaye shi ba. In 'ya mace aka samu, ka sani tun 2020 dokar Sudan ta haramta kaciyar mata, da hukuncin ɗauri har shekara uku.

Ta sauka lafiya. Sai shirin suna, ko?

Kafin rago, ka bar ta ta cika awa 24 a asibiti in da hali, domin a ranar farko aka fi rasa masu jego. A sake duba ta a kwana na uku, da cikin mako na biyu, da mako na shida. Jini mai yawa, zazzaɓi, wari, ciwon kai, kumburin ƙafa ɗaya, duk na komawa asibiti ne ko ana tsakiyar taron suna.

Kunun kanwa da wankan tafasasshen ruwa a sassauta. Likitoci a Zariya sun daɗe da danganta yawan kanwa da zafin jego da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. In ka ga tana haki, ƙafafu sun kumbura, ba ta iya kwanciya sai a jingine, zuciya ce, a tafi. Dukhan ma, wato turara jiki da hayaƙi, a bari sai ta warke, kuma a nisanta jariri da hayaƙin. In ta yi shiru, tana kuka ba dalili, ba ta barci ko jariri ya yi barci, har ya wuce mako biyu, ka zauna ka saurare ta, ka kai ta a duba, lalura ce da ake magani.

Sai maganar kwanika, wadda ita ma a hannunka take. Ana so a samu wata 24 tsakanin haihuwa da ɗaukar wani cikin, Suratul Baƙara kuma ta ambaci shekara biyu cikakku na shayarwa. Ranar awon mako na shida ku je tare, ku tambayi daya hanyoyin tazara da ake da su a wurin, ku zaɓi wadda ta dace da jikinta.